Ƙarƙashin Lema a Farin Gada

Lemata ja ce, rana ta koɗar da ita,
tana nan bakin kasuwa
tsakanin mai kabeji da mai gasa masara.
Injin cirar kuɗi a cinya, rigar sanyi biyu a jika,
haka nake wuni ina tura kuɗin mutane
garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Ran Talata hadari ya haɗo ta Naraguta,
sai ga Mudassir, takalmi ya sha goga.
"Anti Kachollom, dubu sha takwas da ɗari biyar,
yi sauri, na samu aiki."
Ya miƙo waya mai tsagaggen gilashi:
wai kamfanin mai, wai ofis a Maitama,
albashi dubu ɗari uku, ga gida, ga mota,
sai dai kuɗin fom da na gwajin lafiya
kafin ƙarfe huɗu, don gurbi biyu ya saura.

Kuɗin da ya zube mini ƙanshin suya suke yi.
Na san su. Adashin uwarsa ne,
mai awara a Unguwar Rogo.

Na ce, ka nema ne?
Ya ce, su suka nemo ni.
Na ce, wa ya yi maka intabiyu?
Ya ce, ta saƙo, tambaya uku, duk na cinye.
Na danna lambar asusun, na juya masa injin:
sunan mutum guda ne ya fito,
ba kamfani, ba hukuma.
Na ce, ɗan'uwa, kai ne na uku a makon nan.
Gurbin nan biyu ba ya cika.

Ya ɗaure fuska. "Baƙin ciki kike yi."

Ban ji haushi ba, don ni ma na faɗi haka
shekara huɗu baya, ga yayata,
ranar da na sayar da keken ɗinkinta.
Kwalin digirina ya gaji da kwana ƙarƙashin katifa,
murya mai zaƙi ta ce in karanto lambar da ta shigo wayata,
na karanta, ɗaya bayan ɗaya, har ina godiya.
Na hau mota da asuba, na wuce Akwanga, na isa Abuja,
adireshin ya kai ni wurin wankin mota.
Na duba asusu: naira goma sha ɗaya.
A tasha na kwana, jakata ce matashiya.

Na ce, Mudassir, ba wa'azi nake ba,
amma mai neman ma'aikaci biya yake, ba karɓa ba.
Kira su. Ce ka zo da ƙafarka, su nuna maka ƙofa.
In sun ce sauri, kai ka ce gobe.
Aikin da ba zai jira kwana ɗaya ba
da ma can ba ya nan.

Ya koma gefe, ya kira.
Ina jin sa: "A wane titi? Hawa na nawa?
Wa zan ce ina nema?"
Shiru.
Ya sake kira. A kashe.
Hoton mai kwat da murmushi ya ɓace daga wayar
kamar gishiri a ruwa.

Sai ruwan ya kece, irin na Jos, da ƙanƙara.
Ya dawo ƙarƙashin lemar bai ce komai ba,
ya naɗe kuɗin, ya tura can cikin safa.
Naira ɗari uku na rasa, ladan turawa.

Ya sayi masara guda, ya karya biyu,
ya ba ni ɓangaren da ya fi gasuwa.
Muka ci, muna kallon kwata tana tafiya da ganyen kabeji,
har ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce.